Takardar Koke kan Tsando, Sammore da Mushen Namun Daji a Bakin Dajin Yankari

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci,
Ƙaramar Hukumar Alkaleri, Jihar Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da biyayya, mu ne talakawanka manoma da makiyaya mazauna ƙauyuka da rugagen da suka yi iyaka da gandun dajin Yankari. Mun zauna da masu unguwanni da Ardo da Sarkin Pawa, muka ga abin da ke damunmu ya fi ƙarfin hira a gindin bishiya, shi ya sa muka rubuto.

Tun 1956 aka keɓe dajin nan, kuma yawancinmu mun buɗe ido mun tarar da iyakarsa. Ba mu da ja da ita. Giwa da ɓauna da gwanki dukiyar jiha ce, 'ya'yanmu ma na samun aiki a Wikki, wurin saukar baƙi da ke cikin gandun. Sai dai iyakar mutum take tsayarwa. Tsando da kaska ba su san da ita ba, kuma su ne dillalan cuta tsakanin namun daji da dabbobinmu.

Babban abin da ya kawo mu shi ne sammore. Mai riƙe da alƙalamin nan ya rasa san huɗa a bara, kuma yana so Mai Girma ya ji yadda abin yake. San nan yana ci, yana sha, amma kullum ƙara zubewa yake. Idonsa na hawaye, kaluluwa ta fito masa a gaban kafaɗa, gashin jela ya kakkaɓe, daga baya ya koma lasar ƙasa. Kunya biyu zai ja da garma ya tsaya yana haki. Aka yi masa allura ya ɗan farfaɗo, bayan 'yan makonni ya koma gidan jiya. Ranar da aka yanka shi, jinin tsararo kamar an surka da ruwa. Gonar da aka saye shi dominta da fartanya aka ƙarasa ta, ita ma rabi. Wannan labari kusan kowane gida a nan yana da irinsa: ko saniya ta yi ɓari, ko nono ya ƙafe, ko jaki ya kwanta.

Abin da malaman dabbobi suka fahimtar da mu, kuma ya yi daidai da abin da dattawanmu suka daɗe suna lura da shi, shi ne ƙwayar cutar tana zaune a jinin gadu da mazo da ɓauna ba tare da ta kayar da su ba. Sun saba da juna tun fil azal. Tsando ya sha jininsu, ƙwayar ta girma a cikinsa, daga nan duk abin da ya ciza har ƙarshen rayuwarsa zai iya sa masa. Fararen shanunmu ba su da wannan juriya. Da rani namun daji kan tattaru a kwarin kogin Gaji saboda ruwa, tsando kuma ya lafe a kurmin bakin rafi inda akwai inuwa da danshi. Da damina ta sauka, ciyawa ta yi tsawo, namun su bazu, shi ma ya biyo su har bakin gonakinmu. Ke nan da rani ƙishirwa ce ke kai shanunmu gare shi, da damina shi ke zuwa da kansa.

A nan, ranka ya daɗe, dole mu faɗi laifinmu, don ba a ɓoye wa mai magani ciwo. Akwai yaranmu da ke kora garke cikin gandu idan ruwa ya ƙafe a waje, alhali doka ta hana. Ba mu goyon bayansu, kuma mun sha tsawatarwa. Amma makiyayin da ke kallon shanunsa na lasar taɓo a busasshen tafki, ga ruwa can yana gani, wa'azi ba ya shiga kunnensa. A mashaya ɗaya saniya ke haɗuwa da ɓauna da gwambaza. Kaskar da ta faɗo daga jikin wannan ta hau ciyawa, gobe ta maƙale a hantsar waccan. Kuma cuta ba hanya ɗaya take bi ba. Manya a cikinmu suna tuna bushiyar 1983, wadda ta share garkuna a ƙasar nan, ta shiga dajin ta kashe ɓauna da gadu. Daga shanu ta je musu. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya, kuma da allurar shanu aka ci ƙarfinta, ba wanda ya bi ɓauna da sirinji. Don haka duk abin da aka yi wa dabbobinmu na lafiya, an yi wa na dajin ne.

Saboda haka roƙonmu na farko, wanda in shi kaɗai aka yi mun gode, ruwa ne. A taimaka mana da rijiyar burtsatse da kwamin shayarwa, ko a yashe tafkunan da suka cike, a nesa da kurmin rafi da iyakar gandu. Ƙasar da za a haƙa mu za mu bayar, aikin ƙarfi ma namu ne. In garke ya sami abin sha a fili, rigimar makiyaya da ma'aikatan gandu ma za ta ragu da kanta.

Sai maganar tsandon kansa. An bayyana mana cewa ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen tsando tsutsa ɗaya take haifa, wajen kwana 9 zuwa 10 tsakani, ta ajiye a ƙasa mai laushi a inuwa. Halittar da ke haihuwa haka ba ta jure a riƙa rage ta kullum. Shuɗi da baƙin ƙyalle na jan hankalinsa, shi ya sa ake kafa tarko da tutocin da aka jiƙa da magani a bakin rafi, ana kuma fesa wa shanu magani a ƙafafu da ciki inda ya fi sauka. Muna da teloli, muna da samari marasa aiki da rani. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai nuna mana daidai. Akwai cibiyar binciken sammore ta ƙasa a Kaduna, akwai ta binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. Mu ba mu san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba, amma takarda daga fadarka ta bi ta ƙaramar hukuma za ta isa inda ƙafarmu ba ta kai. Muna roƙon a turo masu ɗibar jini su duba, a san irin ƙwayar da ke yawo. Yanzu kowa a kasuwa yake sayen ƙunshin magani, ya dama da ruwan randa, ya auna da ka. Wani na jabu ne, wani ba a cika awo, har ta kai allurar ba ta ci kamar da.

Akwai kuma abin da ya fi ba mu tsoro, don shi ya shafi ran mutum. Kwanakin baya yara masu kiwo suka tsinci mushen gwanki a bakin wata ƙorama, cikinsa a kumbure, baƙin jini na tsattsafowa ta hanci, ba alamar harbi ko tarko. Kafin labari ya iso gari karnuka sun yaga shi, wani kuma ya yanki cinya. Allah ya tsare, ba wanda ya kwanta. Amma Sarkin Pawa ya ce irin wannan kama ita ce ta ciwon saifa, wadda in aka farke mushen, ƙwayarta kan zauna a ƙasa shekaru masu yawa tana jiran mai kiwo. A Yulin 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Jihar Neja, ba tatsuniya ba ce. Da can ungulu kan gama da mushe kafin rana ta faɗi. Yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya a mahauta ba, masu neman kawunansu sun ƙarar da su, aikin ya koma hannun karnuka, karnukan kuma a tsakar gida suke kwana tare da yara. Muna roƙon Mai Girma ya sa a yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a: duk wanda ya ga mushen naman daji kada ya taɓa, kada ya feɗe, ya sanar da mai unguwa. Kuma a ba mu tabbacin cewa mai kawo rahoto ba za a ɗauke shi maharbi ba, don wannan tsoron ne ke sa mutane yin shiru. In za a zo allurar shanu ta shekara, a haɗa da ta haukar kare.

Ranka ya daɗe, in ka ga dacewa, muna so a sa rana kafin ruwa ya janye, a tara mu a fadarka da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma da wakilin hukumar gandu. Za mu zo da jerin mashayun da kowane garke ke bi da wuraren da aka tsinci mushe, Ardo kuma ya ce zai kawo shanu marasa lafiya a gani da ido.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Masu unguwanni, Ardo, Sarkin Noma da Sarkin Pawa,
a madadin jama'ar ƙauyuka da rugagen bakin gandu.