Wasiƙa zuwa ga Edita: Ƙofar Turai ta san wanda take buɗe wa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, da fatan Allah ya ƙara basira.

Na saurari muhawarar da kuka gabatar makon jiya a kan yadda ƙasashe masu arziki ke noƙewa wajen karɓar mutanen da yaƙi ya koro. Ɗaya daga cikin baƙinku ya nace a kan cewa Turai ta cika, don haka kowa ya zauna ƙasarsa ya gyara ta. Maganarsa ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni kaina na taɓa gudu. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, ranar da Boko Haram suka shiga Mubi, na bar gida da silifa da 'yar riga, matata na goye da autarmu, sauran yara uku na biye. Ko takardar shaidar aikina ban ɗauka ba. Muka nausa cikin duwatsu muka yi gabas, har muka tsinci kanmu a wani ƙauye a ɓangaren Kamaru. Wata tsohuwa da ba ma jin yarenta ta dube mu, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ruwa, sannan ta dama kunun dawa. Rumbunta na kalla, bai kai rabi ba. Ba ta nemi takarda ba, ba ta tambayi addininmu ba. Da muka samu motar da ta zagayo da mu Yola, wani abokina malamin makaranta ya sauke mu, mu ashirin da wani abu a gida mai ɗaki uku, maza a zaure, mata da yara a ciki. Wata huɗu muna cin albashinsa. Saboda haka in na ji wanda bai taɓa kwana a dawa ba yana cewa kowa ya zauna gidansa, sai in ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu koma kan batun cika. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa 2024 mutanen da aka raba da muhallinsu sun haura miliyan 120. Fiye da rabinsu ko iyaka ba su ƙetare ba, suna rakuɓe cikin ƙasashensu kamar yadda muka rakuɓe a Yola. Waɗanda suka ƙetare kuwa, kusan bakwai cikin goma suna ƙasashe matalauta ne ko masu matsakaicin hali, akasari maƙwabtan inda ake yaƙin. Turkiyya ta riƙe Siriyawa fiye da miliyan uku da rabi. Labanan, 'yar ƙasar da ba ta kai wasu jihohinmu girma ba, ta karɓi sama da miliyan ɗaya. Bangaladash na riƙe da 'yan Rohinja kimanin miliyan ɗaya a Cox's Bazar, akasarinsu tun 2017. Yuganda na da fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma har ɗan fili take yanka musu su yi noma.

Ga Chadi nan kusa da mu. Tun da Janar Burhan da Hamdan Dagalo suka kaure da yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, fiye da mutum 700,000 suka tsallako daga Sudan, ƙari a kan dubban ɗaruruwan 'yan Darfur da ke zaune can tun rikicin 2003. Garin Adre da ke bakin iyaka ya ninka kansa sau da yawa cikin 'yan watanni, mata da yara daga El Geneina suna kwana ƙarƙashin zannuwa da aka ɗaura a kan itace. Chadi fa, wadda kullum tana cikin na ƙarshe a jerin ƙasashe wajen ci gaba. In akwai mai bakin cewa ya cika, ai ita ce. Kuma wannan yaƙi ba labarin nesa ba ne a wurinmu, don Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, yana cin su kamar yadda yake cin kowa. Haka Diffa ta riƙe mutanen Borno, haka ƙauyukan Maraɗi suka buɗe wa 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina ƙofa tun 2019, haka sansanin Minawao ke nan a Kamaru tun 2013.

Abin da ya warware mini zare da abawa shi ne 2022. Rasha ta auka wa Yukiren a watan Fabrairu, kafin mako biyu Tarayyar Turai ta zaro wata doka da ta kafa tun 2001, wadda ba ta taɓa amfani da ita ba ko a lokacin da Siriyawa ke nutsewa a teku. Da wannan doka aka ba 'yan Yukiren fiye da miliyan huɗu izinin zama da aiki da makarantar yara da asibiti, babu dogon layi, babu shekara biyu ana jiran hukunci. Wallahi na yi murna da hakan, don uwar da ta gudo daga Kharkiv da matata da ta gudo daga Mubi zuciyarsu ɗaya ce. Amma daga ranar na daina yarda da zancen babu wuri. Wuri akwai shi, sai dai a duba wanda ke sallama. A makon ne kuma ɗalibai 'yan Afirka, har da na Najeriya, suka yi ta kokawa cewa ana tura su baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyakar Poland.

Amurka ma ta nuna mana irin wannan. A watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, har da waɗanda aka riga aka tantance suna jiran jirgi. A watan Mayu sai ga jirgi ya sauka da Turawan Afirka ta Kudu 59, manyan jami'ai suka je tarbarsu. Ba yaƙi ake yi a Afirka ta Kudu ba. A Sudan da gabashin Kwango ake yi.

Ban ce duk ƙasar Turai bakinsu ɗaya ba. Jamus ƙarƙashin Angela Merkel ta karɓi fiye da mutum miliyan ɗaya tsakanin 2015 da 2016, a lokacin da Viktor Orban ke kafa shingen waya a iyakar Hungary, kuma Merkel ta sha suka a gida saboda haka. Ban kuma ce damuwar talakan Turai ƙarya ce ba. Wanda ya shekara yana neman gidan haya, ko ajin ɗansa ya cika maƙil, yana da haƙƙin yin ƙorafi. Na ga irin wannan a Jimeta: wata na farko ana rige-rigen kawo mana abinci, wata na huɗu an fara gunaguni a bakin famfo. Ɗan Adam ke nan. Gaskiya ne kuma da yawa cikin samarinmu da ke bin Agadez zuwa Libiya 'yan ci-rani ne, ba yaƙi ya koro su ba, kuma ƙasa na da ikon ta tantance ta mayar da wanda bai cancanta ba. Sai dai tantancewa daban, toshe ƙofa gaba ɗaya daban.

Akwai abin da baƙonku bai faɗa wa masu sauraro ba, wato dalilin da ya sa mutum mai hankali zai ɗora 'ya'yansa a kwalekwalen roba alhali kuɗin da ya ba masu fasa-ƙwaurin mutane ya ninka kuɗin tikitin jirgin sama. A mafi yawan ƙasashen nan ba ka iya neman mafaka sai ƙafarka ta taka ƙasarsu. Biza kuwa ba a ba wanda aka san mafaka zai nema. Kamfanin jirgin da ya ɗauko ka babu biza tara za a ci shi. Babbar hanyar halal da ta rage ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓe ka daga sansani a kai ka wata ƙasa, kuma waɗanda ke samun wannan a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. An rufe ƙofa, an rufe taga, sannan ana zagin wanda ya hauro katanga.

A watan Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk ta Libiya ɗauke da ɗaruruwan mutane ya kife kusa da Pylos a gaɓar Girka. Mutum 104 kawai aka ceto, sauran ɗaruruwa suka tafi, cikinsu har da mata da yara da ke can ƙasan jirgin. Kwana huɗu bayan haka wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai mutum biyar ya ɓace a hanyar kallon ɓaraguzan Titanic, sai ga jiragen sama da na ruwa daga ƙasashe daban-daban, duniya ta tsaya cak tana ƙirga sa'o'in iskar da ta rage musu. Rai dai rai ne, ban yi wa mutum biyar ɗin nan baƙin ciki ba. Amma na zauna gaban talabijin ina kallon labaran biyu a jere.

Kuɗin da za a kashe a karɓi mutane, yanzu ana kashe shi ne wajen ɗaukar masu gadi. A 2016 an yi wa Turkiyya alƙawarin yuro biliyan 6 ta riƙe Siriyawa. A 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya, aka ba masu tsaron gaɓarta jiragen ruwa da horo su riƙa kamo mutane daga teku suna mayar da su gidajen tsaro, a shekarar da duniya ta ga hoton ana cinikin baƙar fata a can kamar awaki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Nijar ma an matsa mata ta kafa dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, direbobin Agadez suka koma bin ɓarauniyar hanya inda babu rijiya, har sojoji suka soke dokar a 2023. Ingila kuwa ta ɓullo da shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda a 2022, kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa doka, sabuwar gwamnati ta binne shi a 2024 bayan an narka kimanin fam miliyan 700, mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da son ransu. A lokaci guda Hukumar Abinci ta Duniya na rage wa 'yan sansanoni awo a Afirka saboda kuɗi sun ƙare.

Abin takaici, Turawa ne da kansu suka rubuta dokar kare 'yan gudun hijira, kuma don kansu. A 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan batun Yahudawan da ke gudun Hitila, kusan kowa ya nuna tausayi ya ce gidansa ya cika. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya yi ta yawo da mutum fiye da 900, Kuba da Amurka da Kanada suka juya masa baya, ya koma Turai, fiye da 250 daga cikinsu suka halaka a hannun 'yan Nazi. Kunyar wannan ce ta haifi yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda ta ce ba a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. Da farko Turawa kaɗai ta shafa, sai a 1967 aka faɗaɗa ta. Yanzu da masu sallamar suka canza kama, jikokin waɗanda suka rubuta ta ne ke cewa ta tsufa. Kuma yaƙe-yaƙen ba daga sama suka faɗo ba. Wa ya shiga Iraƙi a 2003? Wa ya yi ruwan bama-bamai a Libiya a 2011 ya tafi ya bar rumbunan makamai a buɗe, har suka malalo Sahel?

Laifi tudu ne, Malam Edita, don haka bari in taka namu. In an ce ƙasashe masu arziki, ba Turai da Amurka kaɗai ba ne. Japan 'yan ɗaruruwa take amincewa da su a shekara. Saudiyya da Daular Larabawa da Ƙatar da Kuwait ko hannu ba su sa a yarjejeniyar 1951 ba. Sukan ce suna da Siriyawa da Sudaniyawa da yawa kuma suna ba da agaji, amma zaman iƙama da ke rataye a wuyan mai gida ba mafaka ba ce, ran da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Wannan ya fi yi mini ciwo, don tun muna makarantar allo aka karantar da mu yadda Najjashi, sarki Kirista, ya karɓi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da sauran Sahabbai a Habasha, Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da kyaututtuka a ba su mutanen, ya mayar musu da kayansu ya ce ba zai ba da baƙonsa ba. Mu ma nan ba wankakku ba ne. Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da ƙunshin kaya a ka, mu kuma muka rama a 1983 zamanin Shagari, har jakar nan ta "Ghana must go" ta samo sunanta. Kamarun da tsohuwar nan ta ba ni kunu, gwamnatinta ta sha tuso ƙeyar 'yan Najeriya zuwa inda suka gudo. Shugabanninmu da suka bari ƙasa ta lalace har mutane ke gudu, su ne na farko a layin tuhuma, a nan na yarda da baƙonku. Amma yarinyar da ke Adre ba ita ta naɗa Burhan ko Dagalo ba, kuma ba za ta iya jira a gyara Sudan kafin ta ci abincin dare ba.

Roƙona ga ƙasashen nan bai da yawa. In ba za su karɓi mutane ba, su biya kuɗin ciyar da su da karantar da 'ya'yansu a Chadi da Yuganda da Nijar, cikakke kuma a kan lokaci. Su buɗe hanyar da mutum zai nemi mafaka daga inda yake ba sai ya ratsa Sahara da Bahar Rum ba. Dokar da suka zaro wa 'yan Yukiren cikin kwana goma kuma, kada su mayar da ita aljihu ran da Sudaniyawa suka yi sallama.

Kai kuma, Malam Edita, in za ku sake wannan muhawara, ku ajiye kujera ɗaya ga wanda ya taɓa gudu. Ba sai kun je nesa ba, akwai su a Maiduguri da Diffa da Maraɗi, kuma suna jin Hausa.

Na gode. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Jimeta, Yola