Kafin a Sayi Allon Buga Fikilbol, a Tambayi Daɓe da Ƙwallo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ake gani ƙarami ne, alhali yana cin kuɗin mutane, wani lokacin har ya taɓa lafiyar hannunsu. Ina zaune a jihar Minesota ta ƙasar Amurka, inda sanyi da ƙanƙara ke kora mu cikin zaurukan wasanni tun daga Nuwamba har zuwa wajen Maris, kuma shekara huɗu ke nan ina buga wasan da Turawa ke kira pickleball, mu kuma muke cewa fikilbol, wasa mai kama da tanis da ake buga ƙwallon roba da allo ta saman raga, a wani kulob na unguwarmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da ƙanena ya aiko mini daga gida, cewa shi da abokansa sun fara buga wasan a filin badminton na cikin zaure, kuma yana so in sayo masa allon bugu mafi tsada, irin wanda ƙwararru ke riƙewa. Na ga cewa amsar da zan ba shi za ta iya amfanar wasu ma.

Wasan ya samo asali ne a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washinton, lokacin da Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum suka ƙirƙiro shi a wani tsohon filin badminton domin iyalansu su sami abin yi. Shi ya sa har yau tsawon filin ƙafa 44 ne, faɗinsa ƙafa 20, daidai da na badminton. Da allon katako aka daɗe ana bugawa, sai a shekarar 1984 wani injiniyan kamfanin Boeing mai suna Arlen Paranto ya ƙera allo da irin kayan da ake shimfiɗa daɓen jirgin sama da su, masu ciki kamar saƙar zuma. Yawancin allunan da ke kasuwa yanzu daga wannan dabarar suka fito, amma sun bambanta ta fuskoki da dama, kuma a cikin waɗannan bambance-bambancen ne mai saye yake ruɗewa.

Tambayar farko da na mayar wa ƙanena ita ce: wane irin daɓe ne a zaurenku, kuma da wace ƙwallo kuke bugawa? Ƙwallon fikilbol ta roba ce mai huji, kuma iri biyu ce. Wadda ake bugawa a waje tana da ƙananan huji 40, tana da tauri da ɗan nauyi domin iska kada ta kwashe ta. Ta cikin zaure kuwa yawanci huji 26 gare ta, manya-manya, ta fi taushi, ta fi sauƙi, kuma ba ta gudu kamar 'yar'uwarta. Wanda ya buge ta da iyakar ƙarfinsa zai ga ta rage gudu kafin ta isa wancan ɓangaren, abokin karawarsa ya mayar masa da ita cikin sauƙi. Saboda haka a daɓen katako ko na roba mai santsi, musayar bugu takan yi tsawo, kuma yawancin maki a kusa da raga ake cin su, a bakin yankin nan mai ƙafa 7 da 'yan wasa ke kira kicin, inda doka ta hana a bugi ƙwallo tun tana sama. A can mutum yana buƙatar allon da zai ba shi damar lallaɓa ƙwallo ta haye raga ta faɗi daidai inda ya nufa. Sai dai akwai kulob-kulob da suke ƙarƙashin rufi amma daɓensu mai kaushi ne irin na filin tanis, kuma su da ƙwallo mai huji 40 suke bugawa. Kasancewar wuri yana da rufi bai isa hujja ba, dole ne a je a taka daɓen, a ɗauki ƙwallon a ƙirga hujinta.

Bayan wannan sai nauyi, kuma a nan ne na fi son masu karatu su tsaya, domin ni kaina na ɗanɗana illarsa. Allon da na fara saye mai nauyi ne, mai kauri a mariƙi, kuma mai shagon ya tabbatar mini cewa nauyin ne zai ba ni ƙarfin bugu. Ƙarfin kam ya ba ni. Amma bayan kamar wata biyu ina bugawa sau uku a mako, sai gwiwar hannuna ta dama ta fara zogi, har ta kai idan na ɗauki buta zan yi alwala sai na ji kamar an soka mini allura a gefen ƙashin. Makonni na yi ban shiga fili ba. Masu ƙera alluna kan rubuta nauyinsu da ma'aunin oza, kuma matsakaici shi ne daga oza 7.3 zuwa 8.4, wato kimanin giram 207 zuwa 238. Wanda ya gaza haka yana da saurin juyawa a hannu, amma sai mutum ya ƙara ƙarfin damtse kafin ƙwallo ta kai ƙarshen fili, wanda ya wuce haka kuwa yana gajiyar da wuyan hannu a musayar gaggawa ta bakin raga. Ga mai bugawa a zaure, musamman wanda bai daɗe da farawa ba, ban ga dalilin fita daga matsakaicin ba.

Mariƙi ma haka, ko da yake mutane ba su cika kula da shi ba. Kaurinsa yakan kama daga inci 4 zuwa inci 4 da rabi idan aka zagaya shi da ma'auni. Hanyar da wani dattijo a kulob ɗinmu ya nuna mini ita ce, ya sa na riƙe allon kamar zan yi musabaha da shi, sannan ya zura manuniyar ɗaya hannun nawa tsakanin kan yatsuna da tudun tafin hannuna. Idan yatsan ya shiga daidai, mariƙin ya dace, idan ya sami sarari yana yawo, ya yi kauri, idan kuma ya kasa shiga, ya yi siriri. Wanda yake kokwanto tsakanin girma biyu ya ɗauki ƙaramin, domin ana iya naɗa masa tef na musamman ya ƙaru, kuma tef ɗin yana shanye gumi, abin da mai wasa a zaure mai zafi zai gode wa. Mariƙin da ya yi kauri kuwa ba shi da magani.

Cikin allon yawanci roba ce mai siffar saƙar zuma, kuma kaurinsa kan kasance milimita 13 ko 14 ko 16. Siririn yana tunkuɗa ƙwallo da sauri, mai milimita 16 kuma yana shanye ƙarfinta, yana rage girgizar da ke isa hannu, kuma yana yafe wa mutum idan bai same ta a tsakiyar allo ba. Shi nake ba masu wasan zaure shawara su nema. Akwai kuma masu cikin Nomex, wani abu mai kama da kwali da aka ƙarfafa da gam, waɗanda suke da tauri da ƙara mai tsanani. A zaure mai dogon rufi, inda fili uku ko huɗu ke aiki lokaci guda, ƙarar takan yi amsa-kuwwa har mutum ya kasa jin abokin wasansa yana ƙirga maki. Fuskar allon kuwa, ta zaren gilashi ta fi ba da ƙarfi, ta zaren kabon ta fi ba da iko da murza ƙwallo.

Dokar USA Pickleball, hukumar da ke kula da wasan a Amurka, ta ce tsawon allo kada ya wuce inci 17, kuma idan aka haɗa tsawo da faɗi kada su wuce inci 24. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka ƙara a tsawo, a faɗi aka rage shi. Dogayen alluna, masu inci 16 da rabi a tsawo da 7 da rabi a faɗi, suna taimaka wa wanda ke buga ɗaya da ɗaya ya cimma ƙwallo mai nisa, amma a kulob mafi yawan wasa bibbiyu ake yi, kowa yana tsare rabin fili, don haka mai inci 16 da faɗin inci 8 ya fi amfani. Wanda ke da niyyar shiga gasa ya duba ko allon yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

Game da farashi, akwai allunan da suka haura dala 200, kuma ba na musun ingancinsu, sai dai an ƙera da yawansu ne domin hannun da ya riga ya ƙware. Gaskiya ne araha ba ta ado, kuma allon katako mai rahusa nauyinsa kaɗai ya isa a guje shi, amma tsakanin waɗannan biyun akwai alluna nagari da yawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka mai niyyar saye ya ari na abokan wasa biyu ko uku, ya buga cikakken wasa zuwa maki 11 da kowanne, sannan ya saurari hannunsa washegari. Idan kuma ya saya, kada ya bar shi cikin mota a rana, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa fuska da ciki, abin da ya shafi mutanenmu na gida fiye da mu da ke nan.

Ƙanena ya amsa mini cewa daɓensu na katako ne, ƙwallonsu kuma mai huji 26. Na saya masa allo mai nauyin oza 7.8, mai kaurin milimita 16, mai fuskar kabon da mariƙin inci 4 da kwata, na haɗa masa da tef ɗin naɗi guda uku, kuma abin da ya rage daga kuɗin da ya turo na sayo wa kulob ɗinsu ƙwallaye da shi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga jihar Minesota, Amurka