Takardar koke daga Hausawan Agbokim zuwa ga Sarkin Hausawan Ikom

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne jama'arka mazauna Agbokim da ƙauyukan bakin ruwa da ke kusa da ita a ƙaramar hukumar Etung ta jihar Kuros Riba, masu awon koko da goro, mahauta, masu shayi, 'yan acaba, da masu kasa albasa da tattasai ranar kasuwa. Bayan sallar Juma'a muka zauna muka ce a rubuto maka, a kuma saka a zaurenmu na WhatsApp don kowa ya ga abin da aka faɗa da yawunsa. Kai ne bakinmu a gaban masu gari, shi ya sa bamu tsallake ka mun nufi sakatariyar ƙaramar hukuma a Effraya ba.

Babban abin da ya hana mu barci maganar filaye ce. Iyayenmu da suka fara zama a nan babu wanda ya karɓi takarda, mutum zai je wajen dattijon gida da ɗan abin gaisuwa kamar yadda al'adarsu ta tanada, a nuna masa daga wannan bishiya zuwa waccan, ya sare daji ya kafa ɗaki, shikenan, kowace shekara ya kai abin da aka yi alkawari. To dattawan da suka shaida yawancinsu sun rasu, namu da nasu, bishiyoyin ma an sare. Yanzu jikoki ne ke zuwa suna tambaya ina takardarku, kuma gaskiya bamu da ita.

Da can wa zai kula da ɗan fili a bakin kurmi? Abubuwa ne suka taru lokaci guda. Tun wajen ƙarshen 2017 da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru ya yi zafi 'yan gudun hijira suka cika ƙauyukan nan, bayin Allah babu laifinsu, amma ɗakin haya ya yi wuya. A watan Nuwamban 2022 aka buɗe sabuwar gadar Mfum ta kan iyakar Najeriya da Kamaru a kan hanyar Inugu zuwa Bamenda, manyan motoci suka ƙaru. Sai kuma koko ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 2024, tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, duk wanda ke da gonar kakansa da ya manta da ita ya dawo gida yana neman iyaka. Ga masu kuɗi daga Kalaba da Legas da ke zagaye suna neman wuri kusa da inda ruwan Agbokim ke zubowa daga dutse don gina masaukin baƙi. Nan dillalai suka samu ƙofa, wallahi akwai filin da aka sayar wa mutum biyu alhali na uku yana ciki da matarsa da 'ya'yansa, sai dai ya tashi da safe ya ga an kafa siminti an shafa jan fenti a ƙofar gidansa.

Ranka ya daɗe, muna so ka faɗa wa masu gari da bakinka cewa bamu ce ƙasa tamu ce ba. Ƙasar ƙabilar Ejagham ce, mun sani, 'ya'yanmu ma sun sani, da yawansu sun fi jin yaren garin a kan Hausa. Abin da muke roƙo a rubuta. A buɗe littafi guda a fadar sarkin gari, kowane fili da Bahaushe ke zaune a kai a sa sunan gidan da ya bayar, a auna iyaka da tef, a rubuta haya ce ko saye, shekara nawa, nawa ake biya, shugaban gidan ya sa hannu, sarkin gari ya sa, kai ma ka sa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar zama a kan filin karkara, don haka in an gama a kai littafin can a buga hatimi. Wanda kuma masu fili suka ce lallai sai ya tashi, to a bashi lokaci har damina ta wuce kuma a biya shi ginin da ya yi, don duk wanda ya san ruwan Yuli da Satumba a nan ya san fitar da mutum da kwanon rufinsa a ka a wannan lokacin zalunci ne.

Filin masallaci da maƙabarta su ne farkon waɗanda muke so a rubuta. Maƙabartar tana gangare, in ruwa ya yi yawa kabari kan cika tun kafin a gama haƙa, mun haƙura da wannan shekara da shekaru, amma yanzu shukar koko ta fara matsowa har gefen kaburbura.

Sai maganar ruwa. Kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane gona ana loda musu buhunan koko da ayaba da babur da mutane a tafi ɗaya, babu rigar ruwa ko guda, kuma da magariba ake dawowa lokacin da direba baya ganin kututturen da ruwa ya kwaso. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, doka tana nan, mai tsayawa a mashiga ne babu. Namu mutanen su suka fi shiga haɗari don yawancinmu daga tudu muka zo, bamu iya iyo ba. Mun yarda mu yi karo-karo mu sayi riguna in masu jirgi za su yarda a ajiye su a mashiga a tilasta sawa. Muna kuma roƙon a taimaka a riƙa samun allurar sarar maciji kusa, don kafin a ɗauki mutum a babur zuwa Ikom a kan wannan hanya ƙafa ta gama kumbura. Maganin Mectizan da ake rabawa kyauta saboda ƙudan nan na bakin rafi mai jawo ƙaiƙayi da makanta, a riƙa sanar da limaminmu ranar rabo, sau da yawa muna kasuwa ake wucewa.

Baƙi masu yawon buɗe ido kuwa mu muna son su, wa zai ƙi ciniki. Ruwan nan mai rassa bakwai da ke faɗowa daga dutse cikin kurmi abin kallo ne, kuma duk Disamba in ana bikin kalankuwa na kanibal a Kalaba wasu na ƙarasowa har nan, wasu su haɗa da duwatsun tarihi na Alok. Amma matakalar sauka santsi gare ta, yara 'yan makaranta na gangarawa babu mai kula, masu ɗaukar hoto da waya na matsawa har bakin dutse. A sa ƙarfen riƙewa, a ajiye samarin gari biyu da suka iya ruwa. Mu kuma a ware mana gefe ɗaya mai tsafta na tsire da shayi da za mu riƙa biyan kuɗinsa da rasit, maimakon yau wannan ya karɓa gobe wancan ya zo ya ce shi ne mai wurin.

Akwai abin da ya shafe mu mu kanmu. Tunda aka ɗage haramcin sare katako na 2008 a shekarar 2023 injin yanka baya shiru, kuma akwai yaranmu da ke dako a ciki, har bishiyoyin bakin rafi ake kayarwa, gaɓa na zaizayewa. Mun ja musu kunne, kai ma ka ƙara. Sannan bakin iyaka ne, kullum da sabuwar fuska, in aka yi sata ko aka tare hanya unguwarmu ake fara kallo. Mun yanke cewa duk baƙon da ya sauka wajenmu mai masaukinsa zai kai shi gaban mai unguwa a rubuta sunansa da garinsu, a madadin haka a sa mutum biyu daga cikinmu a 'yan sintirin gari.

Muna roƙon ka nema mana zama da sarkin gari da dattawansa kafin Disamba, kafin dillalai su sake samun baƙi masu kuɗi. Mun riga mun fara bi gida-gida muna rubuta wa ya ba wa fili da kuma shaidun da suka rage da rai, ranar da ka sa za mu zo da littafin.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga dattawa, liman da matasan al'ummar Hausawa mazauna Agbokim da kewaye.