Wasiƙa: Idan na'urar dumama ruwa mai aiki da gas ta ƙi kamawa

Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu amfani da na'urar dumama ruwa mai aiki da gas. Idan ta ƙi kamawa, a fara duba ko gas ya ƙare ko makunninsa a rufe yake, sannan a sauya batirin da ke tayar da tartsatsi. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarfin ruwa, domin yawancinsu ba sa kunnuwa sai ruwa ya zo da ƙarfi, kuma datti a matatar bututu yana rage shi. Amma idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe gas, a buɗe tagogi, a kira ƙwararre.

Wassalam,
Wani mai karatu