Dan Allah masu shirya fim, taɓin hankali ba kayan adon soyayya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka. Ni mai karanta jaridarku ce daga Agege nan Legas, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da fina-finan nan masu dogon zango da muke kallo a talabijin da YouTube, wato yadda suke nuna mai taɓin hankali in an zo maganar soyayya da aure.

Kusan duk salon ɗaya ne. Saurayi ya yaudari yarinya ana gab da biki, ta yanke jiki ta faɗi, sati mai zuwa sai a nuno ta a bola kai ba ɗankwali an shafa mata gawayi a fuska tana dariya ita kaɗai tana kiran sunansa. Ko kuma uwargida ta je gun boka ta yi wa amarya asiri. Daga nan a ja mu kashi goma ana kuka ana sa waƙa mai tsuma zuciya, ranar da saurayin ya dawo ya durƙusa gabanta yana hawaye shi kenan ta warke, ba likita ba magani, a ɗaura aure kowa ya watse. Haba jama'a! Akwai kuma namijin da ke binciken wayar matarsa, ya kulle ta a gida, ya fasa kaya, ya ce in ta bar shi zai kashe kansa, sai ka ji ƙawarta a fim ɗin tana cewa "yana sonki ne shi ya sa". Wannan ko zalunci ne ko rashin lafiya, wani lokaci ma duka biyun, amma ana sayar wa 'yan matanmu shi a matsayin so na gaskiya.

A gidan hayar da muke akwai wata baiwar Allah, haihuwar fari, iyayenta duk suna Arewa, mijin kuma tun asuba ya wuce kasuwar Mile 12 sai bayan isha'i. Bayan suna ta daina barci kwata-kwata. Ba ta yaga kaya ba, ba ta fita titi ba, zama kawai take a bakin katifa ta rungume jaririn ta hana kowa yi masa wanka wai za a musanya mata shi, in ka kai mata kunu ta ce an sa wani abu a ciki. Matan gida kowa da tasa, wata ta ce iska ce wata ta ce maita, an yi hayaƙi an yi ruƙiyya. Ni ban musa ruƙiyya ba, Alƙur'ani waraka ne, amma ai in ƙafa ta karye addu'a muke yi mu kuma nemi mai ɗori. Wata nas ce ta matsa aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, can aka ce ciwo ne sananne da ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000 bayan haihuwa, yawanci a sati biyun farko, kuma yana jin magani. Sai da ta yi watanni tana sha kafin ta dawo daidai.

Abin da na gani wajen mijin nan shi ne ban taɓa gani a fim ba. Ya bar wa yaronsa rumfa, ya shiga motar haya ta danfo da ita cikin cunkoson Legas su je su bi layi, ya sa ƙararrawa a waya saboda lokacin magani, ya aiko da ƙanwarsa ta zo ta taya raino, wata rana ya gaji har ya yi tsaki ya fita ya dawo ya ba ta haƙuri. Kuma katin asibitin ɓoye shi yake a ƙarƙashin kaya, don a garin nan da an ce "Yaba left", laƙabin da ake yi wa asibitin, sai dariya, a wajenmu kuma da an zo binciken aure aka ji wani a dangi ya taɓa zuwa can magana ta mutu. Fim ɗin da ke nuna mai ciwon a bola shi ke ƙara wa wannan tsoron ƙarfi, don mai kallo gani yake in dai matarsa ba ta kai haka ba to lafiyarta ƙalau, shagwaɓa ce ko taurin kai.

Kuma ba wai ba mu da inda za a tambaya ba ne. Asibitin Yaba tun 1907 yake. A asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta, Dakta Thomas Lambo tun 1954 ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa karɓar magani. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma duk mun ga hotunan mutanen da 'yan sanda suka fito da su da mari a ƙafa a Rigasa ta Kaduna a 2019, amma har yau a fim da mutum ya rikice igiya ake fara nema.

Roƙona ga marubutan Kannywood, kafin ku haukatar da jaruma ku zauna da likitan ƙwaƙwalwa ko na awa ɗaya ne ya duba labarin, ku nuna tana shan magani tana zaman aurenta, a ƙarshen shiri kuma ku rubuta sunan asibitocin da za a je. Hukumar tace fina-finai ta Kano da take sa ido kan sutura da rawa, dan Allah ta riƙa duba wannan ma.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta jaridarku,
daga Agege, Legas