Sanarwa kan adana tsofaffin hotuna da takardun iyali

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Ana sanar da ku cewa ɗakin karatun unguwarmu zai riƙa karɓar jama'a kowace Asabar da safe, domin ɗaukar hotuna da takardun iyali da na'urar sikana a adana su a kwamfuta, kuma kowa zai koma gida da kayansa nan take.

Duk wanda ya ga ambaliyar kogin Isa a Yamai a shekarar 2020 ya san yadda takardun haihuwa da na filaye suka jiƙe a cikin akwatuna, ga kuma gara da ba ta barin komai.

Ku zo da katin ajiya na waya (memori) ko ma'ajiyar USB. Za a ɗauki takardu da ƙarfin dpi 300 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoto), ƙananan hotuna kuwa da 600, domin fuskoki su fito sarai idan an faɗaɗa su. Hoton da ya manne da gilashi, kada a ɓamɓare shi, a kawo shi yadda yake. Kafin ranar, a zauna da kakanni su faɗi sunayen mutanen da ke ciki da shekarar ɗauka, a rubuta a baya da fensir, don tawadar biro takan huda. A ganina wannan ya fi komai gaggawa.

Masu rubuce-rubucen ajami na gado su nemi shawarar sashen da ke kula da irinsu a IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.

Allah ya saka da alheri.