Wasiƙa daga Jos: minti goma da 'yan sama jannati

Jos, Jihar Filato.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya kuma sanyin Jamus? Mu ma nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta. Na je Gangare ranar Juma'a na gaida Inna, ƙafar tata da sauƙi sosai, ta ce in gaya maka ta ga saƙo, Allah Ya yi albarka.

Na ga ya fi in zauna in rubuto maka a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma akwai roƙo a cikinta.

Ka tuna rediyon Baffa mai rigar fata, wadda muke ɗaura wa waya mu jefa kan bishiyar turare don ta kamo gajeren zango? Muna zaune a tabarma yana murɗa ta a hankali, tana shuuu, har muryar London ta fito tar. A lokacin ni abin da ya fi ɗaure mini kai ba labaran ba ne, yadda murya ke tsallako teku da hamada ta faɗo cikin zauren gidanmu ne. To, mutumina, wannan ciwon bai sake ni ba, ga shi yanzu na shafa wa ɗalibaina.

Akwai wani shiri da ake kira ARISS, wanda aka kafa a 1996. Ƙungiyoyin masu rediyon sha'awa ne, wato mutanen da ke da lasisin yin magana ta rediyo ba don kasuwanci ba, suka haɗa kai da hukumomin sararin samaniya, suna haɗa 'yan makaranta da 'yan sama jannatin da ke cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Yaro ya riƙe makirfo ya yi tambaya, mutumin da ke shawagi kilomita 400 a samansa ya ba shi amsa nan take. Abin ya daɗe. Tun a 1983 wani Ba'amurke, Owen Garriott, ya yi magana da masu rediyo na ƙasa daga cikin kumbon Columbia, sannan a watan Disamba na 2000 wata makaranta a Burbank, jihar Illinois, ta zama ta farko da ta yi magana da wannan tashar, da kwamandanta na lokacin, Bill Shepherd. Ina so yaranmu na Jos su shiga wannan layi.

Kafin in kai maganar gaban shugabar makarantarmu sai da na tabbatar wa kaina abin zai yiwu daga nan. Na fara da ido. Tashar tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, da gudun da ya kai kilomita 28,000 a awa, kuma hanyarta tana ratsa samanmu. Idan ta bi bayan magariba, mu muna cikin duhu ita kuma rana na haska ta, sai ka gan ta kamar tauraro mai haske ƙwarai, ba ta ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, tana tafiya salin-alin daga wannan gefen sama zuwa wancan. Na tara yara a fili na nuna musu. Wani yaro ya ce, "Malam, da gaske akwai mutane a ciki?" Na ce tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa barinta babu kowa ba, wato tun kafin a haife ka. Bai ƙara cewa uffan ba har ta ɓace ta wajen duwatsun Shere.

Daga nan muka koma kunne. Na sayi ƙaramar oba-oba ta Baofeng, na je Dilimi na sayo tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina da bututun roba na masu aikin famfo. Muka yanka tef ɗin gida uku, mafi tsawo ya ɗan haura mita ɗaya, muka jera a jikin bututun kamar ƙayar kifi, muka raba na tsakiya biyu muka liƙa masa waya da dalma. Shi ke nan, eriya ta samu. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta yi liƙin, hannunta ko rawa ba ya yi. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, tun tana ƙarama take miƙa masa kaya a shago, amma ba wanda ya taɓa tambayarta a makaranta ko ta iya wani abu irin wannan. Har ni ban sani ba sai ranar.

A wasu lokuta sashen Rasha na tashar yakan yi kwanaki yana aiko da hotuna ta rediyo a kan zangon megahaz 145.800. Hoton yana zuwa ne a matsayin ƙara, wani irin kuka mai kama da na tsuntsaye da yawa a lokaci guda, sai ka kanga wayar hannu kusa da lasifika, wata manhaja ta mayar da kukan hoto. Fitarmu ta farko ba mu samu komai ba, kuma laifina ne. Jadawalin da na kwafo da agogon GMT yake, wanda da shi tashar ke aiki, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Muka fita awa guda kafin lokaci, muka sha sanyi, yara suka gaji suka watse, tashar ta zo ta wuce ba kowa a fili. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga yadda fuskokinsu suka canza. Washegari na ba su haƙuri, na rubuta lokutan biyu a allo, na ce su yi lissafin da kansu.

Ran nan kuwa Allah Ya taimake mu. Yaro ɗaya ya riƙe eriya yana bin tashar da ita, ɗaya yana kallon taswira a waya yana cewa ɗaga sama, karkata hagu, yarinyar nan kuma tana riƙe da oba-oba. Da farko shuuu kawai, irin na rediyon Baffa. Can sai kukan ya ɓullo, siriri, ya yi ta ƙarfi. Hoton ya fara saukowa a fuskar wayar layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar ana saƙa tabarma. Minti biyu ya ɗauka. Akwai zane-zanen ƙura a tsakiyarsa inda hannun mai eriya ya gaji ya sauka, amma ga haruffan RS0ISS nan ɓaro-ɓaro, sunan kiran sashen Rasha. Ba intanet, ba data, ba kamfanin waya a tsakani. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

A nan ne ma na samu hanyar koyar da darasin da na yi shekaru ina fama da shi a allo. Yaran sun lura cewa idan tashar na tahowa sai an ɗan ɗaga zangon, idan ta juya baya kuma sai an sauke shi, bambancin kamar kilohaz 3 kowane gefe. Na ce ku tuna hon ɗin tirela a titin Bauchi, yadda yake da kaifi tana tahowa, ya yi kauri da zarar ta gifta. Suka ce ashe wannan ne abin da ke cikin littafi da sunan Doppler.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sauraro daban, magana daban. Mu har yau ba mu taɓa danna maɓallin magana ba, domin wannan sai mai lasisi, kuma na ja wa yaran kunne a kai. Sannan ka san garinmu da abin da ya gani. Mutum ba ya tsayawa a fili da oba-oba da ƙarfe yana nuna sama ba tare da an san da shi ba, shi ya sa tun farko na je wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yi bayani, na kai musu hoton da muka kamo. Mai unguwa ya ce ranar da za a yi a ajiye masa kujera a gaba.

Makaranta ce ke rubuta takardar nema, kuma ƙasashen Afirka suna bi ne ta reshen shirin na Turai. Ba kayan rediyo kaɗai suke dubawa ba, suna son ganin abin da za a koyar da yara a watannin da ke gaban ranar. Ana nema tun da nisa, jira yakan kai kusan shekara, kuma ainihin rana da sa'a ba sa tabbata sai abin ya matso, don sai an samu lokacin da tashar za ta bi ta inda ya dace kuma ɗan sama jannatin yana da sarari a jadawalinsa. Duk wannan don minti goma ne, daga ɓullowarta a wannan gefe zuwa faɗuwarta a wancan.

Hanya biyu ce. Ta farko, a kafa tashar rediyo a cikin makarantar, a yi magana kai tsaye. Wannan na bukatar rediyo mai ƙarfi, da babbar eriya mai injin da ke juya ta tana bin tashar, da wata rediyon da eriyarta a gefe ko da ta farko za ta ba da matsala, da batir don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar magana. Ta biyu, wani mai rediyo a wata ƙasa, kamar Italiya ko Beljiyam ko Afirka ta Kudu ko Ostareliya, shi ne zai kamo tashar idan ta bi ta samansa, ya haɗa mu da ita ta layin tarho. Shugabar makarantarmu ta fi son ta biyu, kuma tana da hujja: ba kashe kuɗi sosai, ba neman kaya.

Ni dai zuciyata tana kan ta farko, kuma ba don burga ba. Idan ta tarho aka yi, ranar za ta yi daɗi, a yi tafi, a ɗauki hoto, washegari ba abin da ya rage a makarantar sai labari. Idan kuwa tasha muka kafa, eriyar tana nan a kan rufi bayan baƙi sun watse, 'yan aji ɗaya na bana su gaje ta, wasu su yi karatu su nemi lasisi su samu sunan kira mai farawa da 5N irin na Najeriya. Kuma ina so yaro ya iya nuna sama da yatsa ya ce muryata ta nan ta bi. Mun daidaita da shugabar cewa za mu nemi ta kai tsaye, mu rubuta cewa idan kaya ba su kammala ba mun yarda da ta tarho. Ba na son jinkiri kuma, tunda NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ce zuwa 2030 ne za a yi aiki da tashar.

Mutane kan ce mini ina mu ina sararin samaniya. Sai in tuna musu cewa NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, tana Abuja tun 1999, an harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003, kuma cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙasa a nan Jos take. Har wani ɗan ƙaramin tauraro da jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a cikinsa, daga cikin wannan tashar aka sake shi a 2017.

Da ma ka ga tambayoyin da yaran suka rubuto. Na ajiye kwali a bakin aji, cikin mako biyu ya cika. Da yawa sun tambayi salla: mutumin da rana ke fito masa ta faɗi sau 16 a kwana ɗaya, yaya zai san azahar, ina ne alƙiblarsa? Na ba su labarin likitan nan ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, da ya je a 2007 cikin watan azumi, da yadda malaman ƙasarsa suka zauna suka tsara masa yadda zai yi, ya bi lokutan wurin da aka harba su, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Wani yaro Kirista daga Tudun Wada ya tambaya ko suna sanin ranar Lahadi. Wata ta ce ko hazon hunturu yana hana su ganinmu. Wadda ta fi taɓa ni ta wani yaro ce da ke tura kurar ruwa kafin ya zo makaranta. Ya ji na ce suna tace guminsu da fitsarinsu su mayar ruwan sha, shi ne ya rubuta: idan za a iya haka a sama, me ya hana a yi a unguwarmu? Wannan ko da tambaya ɗaya za a yi, ina so ta shiga. Tambayoyin ba za su wuce goma sha wani abu zuwa ashirin ba, da Turanci, kowace gajera, yaro ya ƙare ya ce "oba" ya matsa wa na bayansa. Mun fara gwaji da agogo, kuma na haɗa su ne ba tare da duba unguwa ko addini ba. Yanzu tare suke tafiya gida suna gardamar wace tambaya za a cire.

Roƙona biyu ne. Na farko, a nan Jamus akwai ƙungiyar masu rediyon sha'awa, DARC, mai rassa a garuruwa da yawa. Don Allah ka nemi na kusa da kai, ka je zamansu ko sau ɗaya, ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa shirya wa wata makaranta irin wannan, ya duba mana takardarmu kafin mu tura. Ni kuma a nan ina neman mai lasisin da zai tsaya mana a ranar, an yi mini kwatancen wani dattijo a Abuja, zan je in same shi idan an yi hutu. Na biyu, ka sa ido ko za a samu injin juya eriya wanda aka riga aka yi amfani da shi, mai juyawa gefe da kuma sama, ko da tsoho ne in dai yana aiki. Shi ne abin da ya gagare mu a kasuwannin nan. Ka faɗa mini kuɗinsa da nauyinsa tukuna, iyayen yara sun ce za su yi karo-karo, kada ka ɗora wa kanka.

Na sa hoton da muka kamo tare da wasiƙar nan, da na eriyar a hannun yaran. Ka nuna wa babban ɗanka, ka ce idan kun zo hutu zan ba shi ya riƙe ta da kansa. Ka gaida maiɗakinka da kyau, uwargida ma tana gaishe ta. Ina jiran amsarka kafin a koma makaranta.

Wassalam.

Naka amini,
daga Jos.